Mai Tambaya na Goma

"Sifili?" in ji Baba Mijinyawa, ya kanga hannu a bayan kunne. "Sake hwaɗi in jiya."

"Sifili, Baba," Maniru ya ce, yana juya masa fuskar kwamfutar. "Ba ni nic ce ba, manhaja tac ce. Ga shi nan ku gani."

Tsohon ya matso da fuskarsa har gemunsa ya taɓa madannai. Bai iya boko ba, amma ya san sifili in ya gan shi. Ga shi kuwa, ɗan zagaye, zaune abinsa babu ko kunya.

Shekara uku ke nan da Maniru ya gama difloma a Sakkwato ya dawo gida Bodinga, ya buɗe shafi a intanet inda yake rubuta amsoshin tambayoyin da Hausawa ke yi wa wayoyinsu. Da tallan da ake liƙawa a shafin yake ciyar da iyalinsa. Kuma ba ya rubuta ko harafi ɗaya sai ya shawarci wata manhaja da ke faɗa masa mutum nawa ke yin kowace tambaya a wata. Fassarar mafarkin maciji, dubbai. Maganin basir, dubbai. Yadda ake fari ba tare da an gane an shafa mai ba, kai, wannan ma ba a magana. Sau huɗu Maniru yana rubutu a kan mafarkin maciji, shi da ko mafarkin ƙadangare bai taɓa yi ba.

Baba Mijinyawa kuwa maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. Duk wanda ke noman albasa tsakanin Bodinga da Danchadi ya san shi, domin albasar da ya zuba a rudunsa da bazara takan kai bayan kaka ba ta ruɓe ba, lokacin da ta sauran mutane ta daɗe da zama ruwa. Rudun yana nan bayan gidansa, rumfa ce ta itace da kara a ɗage daga ƙasa, an rufe ta da bunu. To a bana ƙafafun Baba sun kumbura har takalmi ya daina shiga. An kai shi asibiti a Sakkwato, likita ya ba shi ƙwayoyi, ya ja matarsa Inna Rukayya gefe ya ce ta mai da shi gida ta ba shi duk abin da ransa ke so. Abin da ransa ya so shi ne Maniru ya rubuta yadda ake ajiye albasa a rudu kada ta ruɓe. Shi ne Maniru ya zuba tambayar a manhaja, a ƙofar gida, bayan la'asar.

"Shekara ashirin da wani abu mutane na sallama ƙohwar gidan ga suna tambaya ta," Baba ya ce. "Wasu har da rana tsaka, ina cin tuwo. Su aljanu na?"

"Ku sunka tambaya, Baba, ba waya ba. Ita waya kawai ta sani. Kuma sifilin nata ba shina nuhin babu kowa ba. In masu tambaya ba su kai kamar goma ba a wata, ba ta tsayawa ƙirga su."

"Watau mutum tara ba mutane ba na?"

"A wurinta dai."

"Wa yay yi mata tarbiyya?"

Maniru ya yi dariya, ya fara naɗe wayar caji. A ransa magana ta ƙare. Wa zai ɓata yini guda a kan shafin da babu mai buɗewa?

"In sun kai goma, ka rubuta?"

"In sha Allahu, Baba," ya ce, irin in sha Allahun da ake sallamar mai talla da ita.

Ai kuwa washegari da hantsi sai ga sallama. Maniru ya fito ya tarar da Baba Mijinyawa tsaye jikin babur ɗinsa, da babbar riga da hula, ƙafafu cikin silifas ɗin da aka tsaga samansu. Inna Rukayya tana bayansa riƙe da wani tsohon rawani.

"Na hana shi, ya ƙi," ta ce. "Hau, ɗana, in ɗaure maka shi, kar iska ta ɗauke min shi a hanya."

Haka aka yi. Ta naɗe su biyun da rawanin tun daga ƙugu, ta ƙulle a cikin Maniru. Suka ratsa gari mutane na miƙewa daga benci suna kallo. Maniru ya so ƙasa ta tsage. Baba kuwa ɗaga hannu yake yi hagu da dama kamar ɗan takara.

Yana da sharaɗi, wai ba ya son ha'inci: sai manomin albasa na gaskiya zai yi tambayar, kuma da wayarsa. Maniru ya yi ta ƙoƙarin bayyana masa cewa abin ba haka yake ba, manhajar ba awo take yi da mudu ba, ko goman sun cika ba lalle ta motsa ba. Baba ya ce shi dai goma ya ji.

Sun fara da Danchadi. A kowane gida sai an kwance su an shimfiɗa tabarma. Maniru ya karɓi wayar mai gida ya danna masa wurin magana, mai gida ya gyara murya ya ce, "Yaya aka aje albasa cikin rudu kar ta ruɓe?" Waya ta yi ɗan tunani, ta kawo hoton wani katafaren sito a ƙasar Indiya, ko kuma yadda ake shafa ruwan albasa a sanƙo. Daga nan Baba ya ce, "Kun gani? Ba ta sani ba." Sai ya ba da amsar da kansa. A daina ban ruwa mako biyu kafin cira. In an cire, a bar ta a gona da ganyenta kwana goma, ganyen wannan ya rufe kan waccan, har wuyanta ya bushe ya tsuke, sannan a yanke. Wadda fartanya ta taɓa a kai wa uwar gida ta yi miya. Gadon rudu ya kai gwiwa, bakinsa kada ya dubi gabas inda ruwa ke fitowa. Kuma duk Jumma'a a zura hannu a lalubo mai laushi a fitar, don ɗaya tak ta isa ta lalata kwando.

A gida na huɗu ne Maniru ya lura da wani abu. Duk sa'ad da za a sake ɗaure su, sai Baba ya riƙe hannun mai gida ya daɗe bai saki ba, ya ce, "To, wane, mu yahi juna." Mai gida ya ce, "Haba, Malam, ba ka yi muna komi ba," ya kau da kai. Nan Maniru ya gane ban kwana tsohon yake yi. Daga ranar, duk inda Baba ya fara bayani, sai ya kunna abin ɗaukar magana ya ajiye wayar a gefen tabarma.

Kwana huɗu suka sami mutum tara. Da suka dawo ranar, Inna Rukayya na tsince gero a tsakar gida, ta dubi yadda mijinta ke haki ta ce ya isa haka.

"Miƙo min wayar in zama ta goma. Shekara arba'in ina tsintar albasa gidan ga, ko ni ba mutum ba ta?"

"Na goma na Shagari," in ji Baba, ya shige ɗaki.

Inna ta ajiye faifan. Sai da ta rako Maniru zaure sannan ta ba shi labari, murya ƙasa-ƙasa. Na Shagari dai yayanta ne, Malam Sha'aibu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi da Baba abokai ne tun suna samari, abotar ce ma ta kawo aurenta. Shekara ashirin da uku da suka wuce sun haɗa albasarsu a rudu ɗaya. Sha'aibu ya ce a bar ta a gona da ganyenta kwana goma. Baba ya ce wannan lalaci ne, a yanke ranar da aka cire a kwashe. Baba ya fi baki, aka bi tasa. Kafin tsakiyar damina warin rudun ya kori kaji. Baba ya ce laifin bunun da Sha'aibu ya kawo ne. Tun daga ranar ba su sake gaisawa ba. In sun haɗu a jana'iza, kowa ya yi wa iska sallama.

"Amma Inna," Maniru ya ce, "ai kwana goman nan shi na abin da Baba ka koya ma mutane."

"Ruhe bakinka. Tun shekarar da ta biyo baya shika yin haka, da shi yay yi suna. Yaya ya sani, ni na sani, jakunan Bodinga sun sani. Hwaɗi na dai bai yi ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Ka kai min shi, ɗana. Kar shi tahi da abin ga a wuya."

Sun isa Shagari ana zafin da kwalta ke kama tayar babur. Malam Sha'aibu na zaune ƙarƙashin dogon yaro a ƙofar gidansa, dogo, siriri, yana tufka igiya da yatsan ƙafa a miƙe. Ya ga wanda ke ɗaure a bayan Maniru, bai daina tufka ba.

"Maraba da yaro," ya ce wa Maniru. "Ina gajiya? Ina mutanen gida? Ina ƙanwata Rukayya? Kaya kat taho da su?"

"Maniru," in ji Baba, "hwaɗa mishi kayan sun gaishe shi."

"Hwaɗa mishi na amsa."

Aka kwance su. Sha'aibu ya ƙwala kira cikin gida aka kawo fura da ruwan randa, ya tura ƙwaryar da ƙafa zuwa tsakiyar tabarma, yadda ba za a ce ga wanda ya ba ba. Maniru ya ga idonsa ya sauka kan ƙafafun Baba ya tsaya can, igiyar ta daina juyawa.

Baba ya sha fura. Ya goge baki. Ya buɗe bakin, wallahi Maniru har ya ga maganar ta taso ta zo maƙogwaro. Ya dubi ƙasa, ya dubi rudun Sha'aibu da ke gefe, ya ja numfashi. Sai ya ce:

"Hwaɗa mishi shi ɗauko waya tai shi tambaye ta yadda aka aje albasa."

Maniru ya runtse ido.

"Shi yi mi?" Sha'aibu ya manta da ɗan aike, ya juyo gaba ɗaya. "Ni? Ni Sha'aibu in buɗe baki in tambayi yadda aka aje albasa? Gabanka?"

"Mutum guda ya rage a cika goma. Ba wani abu ba na, ƙirga ta."

"To a mutu tara! Mijinyawa, shekara ashirin da ukku ban ji muryarka ba, ashe rashin kunyar taka ƙiba tay yi."

"Maniru, hwaɗa mishi baƙin hali ba shi tsuhwa."

"Hwaɗa mishi na ji, kuma a gida nai yag gado shi."

Maƙwabta suka fara leƙowa. Maniru ya yi ta ba da haƙuri hagu da dama har ya samu ya ɗora Baba a babur. Yana fama da rawanin, sai Sha'aibu ya taso ya fizge.

"Wa ka ɗaure mutum haka? Rukayya ba ta taɓa iya ƙulli ba, kai ma ga ka nan." Ya zagaya da rawanin sau biyu ta ƙarƙashin hammatar Baba, ya ja, ya gwada da yatsa ko ya matse shi, ya sassauta kaɗan, ya ƙulle. "Ka bi a hankali wajen gada, akwai rami." Ya koma ga igiyarsa bai waiwayo ba.

Ba su yi nisa da gari ba Baba ya daki kafaɗar Maniru ya ce ya tsaya. Suka tsaya a inuwar wata tsamiya a bakin titi, a ɗaure, ko sauka ba su yi ba.

"Kunna abin ɗaukar maganar nan da kaka ɓoyewa gehen tabarma."

Maniru ya kunna, ya miƙa wayar ta saman kafaɗarsa. Baba ya yi magana kamar minti biyu, motoci na wucewa. Da ya gama Maniru ya ce, "Baba, don Allah mu koma. Ga garin can ana hange. Ku hwaɗa mishi da bakinku."

"Gobe."

Goben ba ta zo da ƙafafu ba. Washegari Baba ya kasa tashi daga gado. Maniru ya ajiye wani rubutu da ya fara a kan mafarkin kunama, ya zauna ya saurari muryoyin da ya ɗauka, ya rubuta shafin albasa tun daga ban ruwa har lalube na Jumma'a, bai ko leƙa manhaja ba. Ya zo bakin gado ya karanta masa. Baba ya gyara masa wuri uku, ya ce hoton da aka ɗauke shi ya sa shi kama da mai ba da maganin gargajiya.

"Maganar gindin tsamiya hwa, Baba? In kai mishi?"

"Kak ka kai. Sa ta can ƙarshen shahin. In shina so, shi tambaya."

"Baba!"

"Amana ta, Maniru."

Ka ji mutum! Yana kwance numfashi na fita da ƙyar, amma taurin kan nan ko gezau. Maniru ya ji haushi har ya kasa cin abincin rana, sannan ya yi yadda aka ce.

Ranar Alhamis, kwana takwas da zuwansu Shagari, Inna Rukayya ta buga wa yayanta waya tun da safe, ta ce jikin mijinta ya yi tsanani. Ya ce wanda ya san komai ai ya san yadda ake warkewa, ya kashe. Bayan azahar ta leƙa ta katanga ta kira Maniru. Ya tarar da Baba idonsa biyu, ya faɗa sosai.

"Manhajar nan ta ƙirga?" ya ce.

"Ba ta ƙirga ba, Baba."

"Mara kunya." Ya juyo da kansa wajen Maniru. "Gobe Jumma'a. A zura hannu cikin rudu."

Daga nan bai sake maganar duniya ba. Maniru ya riƙe hannunsa yana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓen tsohon na bi, har ya daina bi. Inna ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ja zane ta rufe masa ƙafafun. Ana cikin wanka sai ga ɗan acaɓa ya sauke Malam Sha'aibu a ƙofar gida, da kwalbar zuma a hannu. Ashe yana kashe wayar ya fita neman zuma da abin hawa. Ya tsaya riƙe da zumar, bai san inda zai ajiye ta ba.

Sha'aibu ne ya shiga kabari ya karɓi gawar. Kwana uku yana zaune a kan tabarmar makoki yana amsa gaisuwa. Ranar uku, da aka shafa addu'a mutane suka fara watsewa, Maniru ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, ya bar muku saƙo."

"Kawo."

"Yac ce kar in kawo. Shina cikin intanet. Sai kun tambayi waya yadda aka aje albasa, sannan shi hito."

Sha'aibu ya dube shi, ya dubi sama. "La ilaha illallahu. Ko da yam mutu bai bari ba." Ya kakkaɓe rigarsa ya tashi ya bi hanyar masallaci.

Maniru ya ɗauka shi ke nan. Ya naɗe tabarmi, ya mai da butoci, sannan ya tuna Jumma'a ta wuce babu wanda ya duba rudu. Ya zagaya bayan gida, sai ya tarar da Sha'aibu tsaye a wurin, yana juya wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Tsohon ya duba hagu, ya duba dama, ya leƙa lungu.

"Ina aka dannawa?"

Maniru ya danna masa. Sha'aibu ya kai wayar bakinsa da hannu biyu, ya gyara tsayuwa.

"Salamu alaikum," ya ce mata. "Yaya aka aje albasa cikin rudu kar ta ruɓe?" Ya ƙara da sauri, "Ba don ban sani ba."

Shafin Maniru ne ya fito a sama, tunda duk duniya babu wanda ya rubuta wani. Ga hoton Baba Mijinyawa da hularsa a karkace. Maniru ya gangara ƙasa ya taɓa muryar. Aka fara jin ƙarar wata babbar mota tana wucewa, sannan tari.

"To, Sha'aibu, in kana jin wanga, ka tambaya ke nan." Wata 'yar dariya, sai tari kuma. "Jama'a, duk wanda yaj ji, kwana goman nan da nika hwaɗa muku, ba dabarata ba ta. Ta Sha'aibu na Shagari ta. Shi yac ce a yi haka nik ƙi, albasarmu ta ruɓe, nil laƙa ma bunu nai. Bunu nai lahiya lau na. Da dabara tai nic ci abinci shekara ashirin da biyu, ban taɓa ce mishi na gode ba. Sha'aibu, ka yahe min. Na zo in hwaɗa maka, bakin ya ƙi. Kuma ƙullin nan naka ya matse ni."

Muryar ta ƙare. Sha'aibu bai sauke wayar ba. Hawaye na bin ramukan fuskarsa, bai share ba.

"Ƙarya shika yi," ya ce da ƙyar. "Na sassauta." Ya ja majina. "Na yahe, ɓarawon banza. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Sannan ya dubi Maniru ya ce, "Abin nan naku, ta ƙirga ni?"

Maniru ya ciro tasa wayar ya buɗe manhajar ya duba. Ɗan zagayen yana nan inda yake.

"Ba ta ƙirga ba, Baba."

Sha'aibu ya gyaɗa kai, ya jefa wayarsa a aljihu. Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya durƙusa a bakin rudun, ya zura hannu cikin albasar yana lalube a hankali. Ya daɗe. Sannan ya zaro guda ɗaya mai laushi, ya shinshina, ya ajiye ta a gefe, ya sake mai da hannun.